Takardar tambayoyi za ta iya auna ra'ayin maza game da jima'i kuwa?

"Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce a digiri na biyu, fannin lafiyar al'umma. Aikin bincikena a kan ra'ayin maza ne game da jima'i: yadda suke kallon kwaroron roba, da neman mata barkatai, da kuma ko mace tana da ikon ta ce a'a. Malamin da ke duba aikina ya ce in nemo takardar tambayoyi wadda aka riga aka gwada in yi amfani da ita. Abin da ke damuna shi ne, ta yaya 'na yarda' ko 'ban yarda ba' a kan takarda zai nuna abin da ke zuciyar namiji, a kan batun da ko amininsa ba ya gaya wa gaskiya? Yaya ake auna irin wannan abu, kuma har ina zan amince da sakamakon?"

Wa'alaikumus salam, Malama. Shakkarki tana kan hanya, gara kuma da ta zo miki yanzu kafin ki buga takardun ki raba. Idan na fahimce ki, abu biyu kike son sani: dabarar da masu bincike ke bi su mai da ra'ayin mutum lamba, da nauyin da lambar za ta iya ɗauka idan batun jima'i ne, mai amsawar kuma namiji.

Ga amsar a dunƙule. Takardar tambayoyi ba ta leƙa zuciyar kowa. Abin da take kamawa shi ne abin da namiji ya yarda ya faɗa game da kansa, a wurin da aka tambaye shi, ga wanda ya tambaye shi, da kalmomin da aka yi tambayar. Wannan yana da amfani ƙwarai wajen kwatanta rukuni da rukuni, ko ganin yadda ra'ayin jama'a ke sauyawa cikin shekaru. Amma bai isa a yanke wa mutum ɗaya hukunci da shi ba, bai kuma isa a ce ga abin da zai aikata idan ya rufe ƙofa ba.

Kafin mu yi nisa, ki rarrabe abubuwan da ɗalibai suka saba cakuɗawa. Ra'ayi shi ne abin da mutum ke ganin ya dace ko bai dace ba. Aiki shi ne abin da ya yi, kamar yawan matan da ya sadu da su a cikin shekara. Sha'awa abin da ransa ke so ne, ko da yana ganin bai dace ba. Lafiyar gaɓa kuma fage ne na likitoci, suna da takardarsu mai tambaya 15 da ake amfani da ita tun 1997 don auna ƙarfin mazakuta, ba ruwanta da ra'ayi. Akwai kuma abin da mutum ke zaton sauran maza suna tunani. Duk takardar da ta haɗa waɗannan ta fitar da maki ɗaya, ba wanda zai iya gaya miki abin da makin ke nufi.

Inda abin ya samo asali

Wanda ya buɗe wannan ƙofa da ƙarfi shi ne Alfred Kinsey na Jami'ar Indiana a Amurka, wanda asalinsa masanin ƙwari ne. A 1948 ya wallafa rahoto a kan rayuwar jima'i ta maza wajen 5,300. Ba takarda yake rabawa ba, hira yake yi ido da ido, kuma yana da wata dabara da har yau ake cin moriyarta: ba ya cewa "ka taɓa yin kaza?", sai ya ce "yaushe ka fara yin kaza?", don ya sauke wa mutum nauyin amsa laifi. Inda aka kama shi shi ne wajen zaɓen mutane. Masu kawo kansu ne suka cika masa littafi, da fursunoni masu yawa, kuma alƙaluman na fararen fata ne kawai. Kwamitin masana ƙididdiga da ya ƙunshi Cochran da Mosteller da Tukey ya duba aikin, ya bayyana a 1954 cewa ba za a ɗora sakamakon a kan dukan mazan Amurka ba.

Cutar ƙanjamau ce ta tilasta wa hukumomi komawa kan batun a shekarun 1980, domin ba za a iya hasashen yaɗuwarta ba sai an san abin da mutane ke yi da abin da suke tunani. Duk da haka, a 1989 gwamnatin Margaret Thatcher, Firayim Ministar Birtaniya ta lokacin, ta ƙi ba da kuɗin babban binciken Birtaniya, sai gidauniyar Wellcome ce ta ɗauki nauyinsa. An tambayi mutum kusan 19,000 a 1990 zuwa 1991, ana kuma maimaitawa kusan duk shekara goma. Irin wannan maimaici ne ke nuna ƙarfin takarda: tsakanin zagaye na farko da na uku, mazan da ke tsakanin shekara 16 da 44 masu cewa cin amanar aure laifi ne sun ƙaru daga kashi 45 zuwa kashi 63 cikin ɗari. Hira da mutum ashirin ba za ta taɓa nuna miki wannan ba.

Yadda ake gina ma'aunin

Tsarin da kika sani na "na yarda ƙwarai, na yarda, ina tsakiya, ban yarda ba, ban yarda ba sam" Rensis Likert ne ya fito da shi a 1932. Hikimar ba a cikin jimla ɗaya take ba. Jimla ɗaya tana iya zamewa: mutum ya karanta ta ba daidai ba, ko wata kalma ta sosa masa rai. Amma idan aka yi masa jimla takwas ko goma da ke kewaya abu guda ta fuskoki daban-daban, kuskuren wannan yakan rage na wancan, jimillar makin ta fi kusa da matsayinsa.

Mai gina ma'auni yakan fara da tulin jimloli da ya tsinto daga hira da mutane da rubuce-rubucen magabata. Ya gwada su a kan ɗaruruwan mutane, sannan ya yi lissafin da ke nuna jimlolin da amsoshinsu ke tafiya tare. Waɗanda suka haɗu wuri guda ya ba su suna, waɗanda suka ƙi shiga ko'ina ya zubar. Haka Susan da Clyde Hendrick suka yi a 1987, suka fitar da ma'auni mai jimla 43, daga baya a 2006 aka taƙaita shi zuwa 23. Taƙaitaccen yana da ɓangare huɗu: sassauci game da jima'i ba tare da alƙawari ba, ɗaukar nauyin hana ciki, kallon jima'i a matsayin haɗuwar zukata, da kallonsa a matsayin biyan buƙatar jiki kawai. Namiji ɗaya yana iya cin maki mai yawa a ɓangare na uku da na huɗu a lokaci guda, shi ya sa ba a tara su wuri ɗaya.

Wani ma'aunin da Simpson da Gangestad suka yi a 1991 yana auna yadda mutum ke karɓar saduwa babu shaƙuwa. Da farko maki ɗaya yake bayarwa. A 2008 Penke da Asendorpf a Jamus suka sake shi zuwa tambaya tara, uku na aiki, uku na ra'ayi, uku na sha'awa, don sun ga ukun ba koyaushe suke tafiya tare ba. Akwai namijin da ransa ke so, ra'ayinsa ya hana shi; akwai wanda ra'ayinsa ya sake, amma bai sami dama ba.

Wanda ya fi kusa da aikinki shi ne ma'aunin GEM, mai auna ra'ayin maza kan daidaito tsakanin maza da mata, wanda Julie Pulerwitz da Gary Barker suka wallafa a 2008 bayan gwaji a Rio de Janeiro ta ƙasar Burazil. Jimla 24 ne, amsa uku kacal: na yarda, na ɗan yarda, ban yarda ba. A ciki akwai jimloli irin su cewa maza sun fi mata buƙatar jima'i, namiji kullum a shirye yake, kuma hana ɗaukar ciki aikin mace ne. An daidaita shi an yi aiki da shi a Indiya da Habasha da Kenya da wasu ƙasashe. Sai kuma ma'aunin Martha Burt na 1980, mai auna yadda mutum ke gaskata zantukan da ke ɗora wa wadda aka yi wa fyaɗe laifi.

Idan kina karanta bayanin kowane ɗaya, za ki ga wata lamba da ake kira alfa, ta Lee Cronbach, 1951, kuma an saba cewa idan ta kai 0.70 ma'aunin ya yi. Kada wannan lamba ta ruɗe ki. Abin da take faɗa kawai shi ne jimlolin suna tafiya tare. Ki rubuta jimla ɗaya ta siga goma, alfa za ta haura sama. Sikelin da kullum yake ƙara kilo biyu bai taɓa saɓa wa kansa ba, kuma bai taɓa faɗin gaskiya ba. Ko ma'aunin yana auna abin da aka ce yana aunawa, wannan tambaya ce daban, ita ce kuma mai wuya.

Ƙaryar namiji fuska biyu gare ta

A nan gizo ke saƙar. A yawancin batutuwan kunya, kamar sata ko shan ƙwaya, an san inda ƙarya ta nufa: mutane ragewa suke yi. A batun jima'i, namiji yana ƙarawa a wani wuri, yana ragewa a wani. Yana cika baki a kan abin da ake ɗauka shi ne mazantaka, yana rufa wa kansa asiri a kan abin da zai zubar masa da ita: tsoro, rashin sani, gazawa, rashin sha'awa, ko tilasta wa mace. Saboda haka ba wani lissafi guda da za ki yi ki ce kin cire ƙaryar.

Shaidar da ta fi fitowa fili ita ce ta ƙidayar abokan kwanciya. Duk lokacin da namiji ya sami sabuwar mace, ita ma macen ta sami sabon namiji. Don haka a al'umma guda mai yawan maza da mata kusan daidai, matsakaicin adadin ɓangarorin biyu ya kamata ya zo kusa da juna. A zagaye na uku na binciken Birtaniya, wanda aka yi daga 2010 zuwa 2012 a kan mutum sama da 15,000, maza sun ba da matsakaicin 14, mata 7. Da Kirstin Mitchell da abokan aikinta suka bi diddigi, sai suka gano abu uku sun ɗauke wajen kashi biyu bisa uku na ratar. Wasu 'yan tsirarun maza suna faɗin adadi mai yawan gaske da ke jan matsakaicin sama. Maza sun fi yin ƙiyasi, su ce "wajen ashirin", mata kuma sun fi ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya. Na uku shi ne ra'ayin kansa: mata sun fi ganin saduwar dare ɗaya laifi ce, wannan kuma yana shafar abin da suke faɗa. Ki lura, ba duka ne ƙarya da gangan ba. Wani ɓangare tuni ne da yadda ƙwaƙwalwa ke lissafi.

Michele Alexander da Terri Fisher sun yi wani gwaji a 2003 da ɗalibai 201 a Amurka. Wasu an sa su zaci ɗalibi ɗan'uwansu zai iya ganin amsarsu, wasu an tabbatar musu ba wanda zai san mai ita, wasu kuma an jona su da na'urar gano ƙarya wadda a zahiri ba ta aiki. Matsakaicin adadin abokan kwanciya da mata suka faɗa ya tashi daga 2.6 a rukuni na farko zuwa 4.4 a rukunin na'ura, na maza kuwa bai yi nisa da 4 ba a duka ukun. Ratar da ake ta magana a kai ta ɓace da mutane suka zaci za a kama su. Darasin da ya shafe ki shi ne, idan kika ga an ce maza sun fi mata kaza, ki fara tambayar a wane yanayi aka yi tambayar.

Hanyar tambayar ma tana sauya amsa. A binciken samari 'yan shekara 15 zuwa 19 a Amurka, wanda Charles Turner da abokan aikinsa suka wallafa a 1998, an raba su biyu. Wasu sun cike takarda, wasu sun saurari tambayoyin ta na'urar da ake sawa a kunne suna danna amsa a kwamfuta. Waɗanda suka ce sun taɓa hulɗar jima'i da namiji kashi 1.5 ne a takarda, kashi 5.5 a kwamfuta. Samari iri ɗaya, tambaya iri ɗaya.

A nawa aikin, abin da na sha gani shi ne tasirin mai tambaya. Gaban mace, namiji yakan tausasa amsarsa a kan tilastawa da duka. Gaban saurayi sa'ansa, sai kuri ya taso. Gaban dattijo, kowa ya zama salihi. Idan kuwa wani yana tsaye kusa yana leƙe, gara a ajiye takardar a dawo wata rana. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, to takarda ba ta ganin fuska. Mai tambaya yana gani, amma shi ma ana ganin tasa.

Abin da jimlar ta faɗa da abin da ya ji

Mutum biyu suna iya karanta jimla ɗaya su amsa tambaya biyu daban. Sanders da Reinisch sun ba da rahoto a 1999 cewa cikin ɗalibai 599 da aka tambaya a Amurka, kashi 59 ba sa ɗaukar saduwa ta baki a matsayin "yin jima'i". Duk wanda ya tambaye su sau nawa suka yi jima'i bai fayyace ba, bai san abin da suka ƙirga ba.

A kan tilastawa abin ya fi tsanani. Wani ƙaramin bincike na Sarah Edwards da abokan aikinta a 2014, a kan ɗalibai maza saba'in da 'yan kai, ya yi tambaya iri biyu. Da aka siffanta aikin, wato tilasta wa mace saduwa idan ba wanda zai sani kuma ba abin da zai biyo baya, wajen kashi 32 sun nuna akwai yiwuwar su yi. Da aka kira shi fyaɗe, kashi 14 ne. Mutanen kaɗan ne, kada ki ɗora lambar a kan maza baki ɗaya, amma tazarar da ke tsakanin amsoshin biyu ita ce abin dubawa. Saboda irin wannan ne Mary Koss tun 1982 ta tsara tambayoyinta a kan siffanta aiki dalla-dalla, ba tare da laƙaba masa suna ba.

Akwai wata matsalar da nake ganin ba a ba ta muhimmancin da ya kamata. Ɗauki jimlar "maza sun fi mata buƙatar jima'i". Wani ya ce ya yarda don yana ganin haka ya kamata, kuma hujja ce gare shi ta neman mata. Wani ya ce ya yarda don abin da yake ji ana faɗa ke nan, ko da shi bai gina komai a kai ba. Maki ɗaya suka ci, alhali ɗaya yana ba da fatawa ne, ɗaya yana ba da labari. Na sha zama da maza bayan sun cike takarda in ce su faɗa mini da bakinsu abin da jimla kaza ke nufi, kuma a nan ne irin wannan ke fitowa.

Jimloli kuma suna tsufa. Waɗanda Burt ta rubuta a 1980 sun yi tsirara da yawa ga mai karatu na yau. Ko mai wannan ra'ayin ya san ba a furta shi haka. Shi ya sa Gerger da Bohner da abokan aikinsu a Jamus suka rubuta sabon ma'auni mai lulluɓaɓɓun jimloli a 2007. Wannan ya shafi duk mai auna tasirin wayar da kai. An tara maza an yi musu bita na makonni, an sake ba su takardar da suka cike da farko, maki ya gyaru. Ra'ayi ne ya sauya, ko sun gane amsar da masu shirin ke so ne? Takardar ita kaɗai ba za ta raba miki biyun ba.

Su wa suka amsa, kuma me amsar ke hasashe

Mutumin da ya yarda ya zauna a tambaye shi sirrin shimfiɗarsa ba kamar wanda ya ƙi ba ne. Bincike ya sha nuna masu kawo kansu sun fi gogewa a harkar, sun fi sakin jiki da ita. Ƙari a kan haka, mafi yawan waɗannan ma'aunai a kan ɗaliban jami'o'in Amurka aka gina su. Henrich da Heine da Norenzayan sun ja hankali a 2010 cewa kashi 96 na mutanen da ake gwaji da su a manyan mujallun nazarin halayyar ɗan Adam sun fito ne daga ƙasashen da ke da kashi 12 kacal na mutanen duniya. "An riga an gwada ta" da malaminki ya ce gaskiya ne, amma a kan su wa? Ingancin ma'auni ba ya bin sa duk inda aka kai shi. Fassara daga wani harshe a sake mai da ita harshen asali tana kama kuskuren kalma, ba ta kama jimlar da ba ta da gurbi a rayuwar masu amsawa. Akwai kuma mutanen da ke ganin rashin ladabi ne su ce wa baƙo "ban yarda ba", sai su bi kowace jimla da "na yarda". Domin kama wannan ake juya wasu jimlolin, sai dai jimlar da aka cusa wa "ba" sau biyu takan rikita mai ƙaramin karatu.

Sai babbar tazarar, tsakanin faɗa da cikawa. Richard LaPiere ya zagaya Amurka da wasu ma'aurata 'yan ƙasar Sin, suka shiga otal da gidan cin abinci 251, wuri ɗaya kawai aka kore su. Bayan wata shida ya aika wasiƙa yana tambayar ko za su karɓi 'yan Sin, sama da kashi 90 na waɗanda suka amsa suka ce a'a. A 1934 ya wallafa wannan. Gwajin yana da rauni, don ba lalle wanda ya amsa wasiƙar ne ya tarbe su ba, amma Allan Wicker ya tattara bincike da dama a 1969 ya ga alaƙar ra'ayi da aiki yawanci mai rauni ce. Abin da Ajzen da Fishbein suka nuna daga baya shi ne alaƙar tana ƙarfi idan tambayar ta yi daidai da aikin. "Kwaroron roba abu ne mai kyau" ba ya hasashen komai sosai. "Zan yi amfani da shi da wadda nake tare da ita a saduwa ta gaba" ya fi kusa.

A jima'i akwai ƙarin cikas biyu. Aikin na mutum biyu ne, takardar ta mutum ɗaya. Sannan mutum yana cike takarda ne a natse, yana yanke shawara kuma a wani hali daban. Ariely da Loewenstein sun gwada wannan a 2006 da ƙaramin rukunin ɗalibai maza: tambayoyin da suka amsa a natse, da aka sake yi musu sha'awa na tashe, sun fi nuna yarda da saduwa babu kariya da matsa wa mace.

Abin da zan ba ki shawara

Ban ga takardarki ba, ban kuma san mazan da za ki tambaya ba, don haka ki auna abin da zan faɗa da yanayinki tare da malaminki. Ki ɗauki ma'auni da aka sani, GEM ya fi dacewa da batutuwanki uku, ki kuma bar jimlolinsa yadda suke gwargwadon iko don a iya kwatanta sakamakonki da na wasu. Kafin babban aikin, ki sa a zauna da maza kaɗan irin waɗanda za ki tambaya, kowa shi kaɗai, ya karanta jimla ya faɗi abin da ya fahimta da yadda ya kai ga amsarsa. A ganina wannan matakin ya fi kowane lissafi da za ki yi daga baya daraja, shi ne kuma aka fi tsallakewa.

Inda masu amsawa suna karatu, su cike da kansu su jefa a rufaffen akwati, ko su danna a waya ko kwamfuta, babu suna. Inda sai an karanta musu, ki nemi maza masu tambaya, ki horar da su su karanta kowace jimla da murya ɗaya, ba murmushi ba ɗaure fuska, ki kuma rubuta wanda ya tambayi wa don ki duba ko amsoshi sun bambanta daga mai tambaya zuwa wani. Tambayoyi masu nauyi su zo daga tsakiya zuwa ƙarshe. Tunda za ki taɓo tilastawa, ki tuna wasu mazan su ma an taɓa yi musu. Ki tanadi inda za ki tura wanda tambayar ta tayar masa da tsohon ciwo, ki kuma sami izinin kwamitin ɗa'ar bincike kafin ki fara.

Akwai dabarun rage ƙarya da za ki ci karo da su. Ma'aunin Marlowe da Crowne na 1960 yana jera kyawawan halaye da kusan ba mai cika su, don a gane mai son gyara hotonsa, sai dai yakan haɗa da mutumin kirki na gaske. Dabarar Stanley Warner ta 1965, wadda daga baya aka yi mata sigogi da dama, tana sa mutum ya jefa tsabar kuɗi a ɓoye, fuskar da ta faɗo ta zaɓa masa tambayar da zai amsa, ta yadda ba mai sanin amsar mutum ɗaya amma lissafi ya fitar da na rukuni. Tana buƙatar mutane da yawa, wasu kuma ba sa gane ta. Gwajin saurin danna maɓalli a kwamfuta da aka fito da shi a 1998 don kama ɓoyayyen ra'ayi ba ya ba da sakamako iri ɗaya sosai idan aka maimaita wa mutum guda. Ga aikin digiri na biyu, na fi son ki haɗa takardar da hira mai zurfi da wasu daga cikin mazan, ɗaya-ɗaya. Hirar rukuni tana da amfani, amma ki san abin da take ba ki: abin da maza ke faɗa a gaban maza.

Wajen rubuta sakamako, ki ce "kashi kaza sun ce sun yarda da jimla kaza", ki kawo jimlar yadda aka karanta ta, kada ki ce "maza sun yi imani da kaza". Ki nuna amsar kowace jimla, ba jimillar maki kaɗai ba, don namijin da ya yarda hana ciki nauyin mutum biyu ne yana iya ƙin yarda mace ta ce a'a, jimilla kuma za ta haɗiye wannan. Ki faɗi mutum nawa aka nema, nawa suka ƙi. Ki ƙirga kuma tambayoyin da aka tsallake babu amsa, ki sa su a jadawali tare da shekarun waɗanda suka tsallake su da matakin karatunsu. Idan jimla ɗaya ce maza da yawa suka bari fayau, ki koma kanta a hirarrakin ɗaya-ɗaya ki ji ko ba a gane ta ba ne ko an gane ta sarai.